Karkarwa da tangaɗi: abin da ke sa tsohon babur rawa a kan gudu

Tsohon babur ba ya nuna halinsa a cikin gari. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro a birnin Katsina, tsakanin 'yan Keke Napep da masu tura baro da yara 'yan makaranta, da wuya allurar gudu ta wuce kilomita 40, kuma a irin wannan tafiya ko babur ya kwana biyu a duniya lafiya lau za ka ji shi. Sai ranar da aka miƙi hanyar Daura, aka bar gari a baya, titi ya buɗe, aka murza totur allura ta hau 80 ko 90, sannan mai babur ya ji abin da ke tsinka zuciya. Ko dai kan babur ya kama karkarwa a hannunsa, ko kuwa babur ɗin gaba ɗaya ya shiga tangaɗi, gindi na zuwa dama yana dawowa hagu, alhali titi sumul, ba rami ba yashi.

Wanda Allah ya kuɓutar, washegari da sassafe yana bakin gareji, kuma maganarsa ba ta wuce biyu: a ɗaure wuya, a ƙara iska. Sau da yawa a yi masa yadda ya ce, a ja notin wuya har kai ya yi tauri, a cika taya tam, ya tafi yana ganin an gama. Ni a ganina nan haɗarin yake. Rawar babur ba iri ɗaya ba ce, kuma wadda ke zuwa a kan babban gudu galibi daga baya take tasowa, ko da hannu ma yana jin ta. Mai ɗaure wuya a kan wannan ya bar jaki yana dukan taiki.

Kafin a yi maganar ciwo, sai a san abin da ke sa babur tafiya a miƙe tun asali. Dubi babur daga gefe. Wuyan da kai ke juyawa a kansa ba a tsaye yake ƙyam ba, ya ɗan kishingiɗa baya, kimanin digiri 26 zuwa 28 a yawancin baburan titi. In ka ja layi ta tsakiyar wuyan nan har ƙasa, zai sauka ne a gaban wurin da taya ke taɓa titi, da tazarar da ba ta cika wuce santimita 8 zuwa 11 ba. Wannan 'yar tazara ita ke sa tayar gaba ta riƙa komawa tsakiya da kanta, domin kusan jan ta ake yi daga gaba tana bi. Duk wanda ya taɓa tura gadon marar lafiya a asibiti ya ga irin haka: ƙananan tayoyin nan suna juyawa su bi inda aka nufa ba tare da an taɓa su ba, amma da an ɗan yi sauri sai ka ga ɗaya ta kama kaɗawa far-far-far, dama da hagu. Abin da ke daidaita ta shi ne kuma ke kaɗa ta.

Ƙarfin da ke maido da taya tsakiya bai san tsayawa ba, yakan zarce zuwa ɗaya gefen sannan ya sake dawowa. Ke nan kowane babur, sabo ko tsoho, yana ɗauke da wannan rawa a jikinsa. Masu kashe ta tun ba ta girma ba su ne robar taya, da ƙarfin firam, da man da ke cikin shokazoba, da jikin mahayin kansa. Babur mai lafiya in ya taka dutse, kai zai kaɗa sau ɗaya ko biyu ya nutsu. Amma akwai gudun da in aka kai shi, abin da ke ciyar da rawar ya fi ƙarfin abin da ke kashe ta, sai kowace kaɗawa ta fi ta bayanta girma. Masu ƙera babur suna ƙoƙarin ɗora wannan iyaka can sama da inda inji zai iya kaiwa. Honda CG125, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970, iyakar gudunsa kilomita 100 ne da 'yan kai, kuma yana sabo ba ya tangaɗi a can. Tsufa ke sauko da iyakar. Bushi, wato ɗan zoben da ke tsakanin ƙarfe da kusar da yake lilo a kanta, ya ci, ta sauko kaɗan. Shokazoba ta tsiyaye, ta ƙara saukowa. Tayar baya ta shafe, ta sake saukowa, har ranar da za ta haɗu da gudun da mai babur ya saba yi.

Yadda muke gyaran tsofaffin babura shi ke gaggauta wannan haɗuwa. Wanda ya gaji Benly ko Roadmaster ko Yamaha YB100 ko Suzuki A100 a zauren mahaifinsa, inji yake fara kamawa: ring da fiston, kafireta, fulogi, sai fenti da sabon sit. Inji ya dawo da ƙarfinsa na farko, ƙafafu kuwa suna nan da shekarunsu 40 ba wanda ya leƙa su. Ko manyan kamfanoni sun taɓa shiga irin wannan. A 1969 Honda ta fito da CB750 mai ƙarfin doki 67, Kawasaki ta fito da H1 mai doki 60, a 1972 kuma ta kawo Z1 mai doki 82, duk a kan firam na siraran bututu da shokan gaba masu kaurin milimita 34 zuwa 36. Injunan sun fi ƙarfin firam da tayoyin zamaninsu, H1 kuwa ya yi ƙaurin suna wajen rashin nutsuwa a kan gudu. Alhali tun 1950 kamfanin Norton na Ingila ya nuna a tseren tsibirin Man cewa firam mai ƙarfi, irin wanda 'yan'uwan nan McCandless na Belfast suka tsara masa, yana sa babur ya riga wanda ya fi shi inji.

A 1971 wani injiniya Baturen Ingila, Robin Sharp, ya fitar da lissafin da ya rarrabe hanyoyi uku da babur ke rasa nutsuwa. Ɗaya kifewa ce a hankali zuwa gefe, wadda mahayi ke gyarawa ba tare da ya ma sani ba, a bar ta. Sauran biyun su ne abin dubawa.

Ta farko karkarwar kai. Tayar gaba da shokanta da hannu ne ke kaɗawa, da sauri ƙwarai, kimanin sau 6 zuwa 9 a daƙiƙa ɗaya, sauran babur kuwa kusan bai motsa ba. Ta fi zuwa a matsakaicin gudu, wajen kilomita 50 zuwa 80, musamman in an saki totur babur na raguwa, ko an ɗaga hannu ɗaya za a gaisa ko a gyara hula. Akwai dalilin da ya sa take son wannan gudun. Taya mai lamba 2.75-18 kewayenta ya kusa mita 1.9. A kilomita 50 tana juyawa sau 7 da ɗoriya a daƙiƙa, a kilomita 60 kusan sau 9. Ke nan in rim ya ɗan lanƙwashe, ko taya ta fi nauyi a gefe guda, to a daidai wannan gudun kowane juyi yana bugun kai a kan lokacin da kan ke son kaɗawa, bugu na hawa kan bugu. Shi ya sa wani zai ce maka a 60 babur na karkarwa amma da ya wuce 80 sai ya daina, ya ɗauka ya sami magani. Bai samu ba, domin dole ya sake ratsa 60 ɗin in zai tsaya.

Ta biyu tangaɗi. Wannan a hankali take, sau 2 zuwa 3 a daƙiƙa a kan babban gudu, kuma babur ɗin duka ne ke lanƙwasa yana kwantawa dama da hagu, tayar baya na barin layin ta gaba. Mahayi a mazauninsa yake jin ta kafin hannu. Ba ta lafawa da ƙarin gudu, ƙaruwa take yi. A kilomita 100 babur na cin kusan mita 28 a daƙiƙa, don haka kafin mutum ya gama tunanin abin da zai yi ya riga ya yi lanƙwasa biyu ko uku, kuma in da tirela tafe daga Mashi a ɗaya hannun, babu filin kuskure.

Saboda haka na fi yarda da bakaniken da ke farawa da tambaya kafin ya ɗauki sifana. "Alhaji, a wane gudu take kama ka? Hannu ne ke kaɗawa da sauri, ko kuwa sit ne ka ji yana zamewa a ƙarƙashinka? Kai kaɗai ne ko da goyo? Akwai kaya a kariya? In ka saki totur tana lafawa ko tana ƙaruwa?" Sai kuma tambayar da ta fi duka: "Me aka canja wa babur ɗin kwanan nan?" Rawar da ta zo rana ɗaya bayan an sa sabuwar taya ko an ja sarƙa ko an sha ƙasa, tushenta a bayyane yake. Wadda ta riƙa shigowa sannu a hankali cikin watanni, ita ce ta cin ƙarfe da mutuwar roba, kuma da wuya a same ta a wuri ɗaya.

Taya ake fara dubawa, don ita ta fi sauƙi kuma ita ta fi yawan laifi. Masu faci da yawa ba sa aiki da geji, babban yatsa ne ko ƙwanƙwasawa da sifana, kuma mai babur da kansa ke cewa a ƙara don ya ga kamar taya mai tauri ta fi gudu da ɗaukar kaya. Ƙananan baburan Honda galibi 25 suke so a gaba a awon psi, 29 a baya in mutum ɗaya ne, wajen 33 in da goyo. In takardar da ke manne a jikin babur tana nan, ita ce abin bi. Taya da aka kai 45 ko 50 wurin da take taɓa titi ya ƙanƙance, ta daina shanye kaɗawa, kowane tsakuwa ta aika shi kai tsaye zuwa hannu. Wadda iska ta yi wa kaɗan kuma gefenta ke lanƙwasa, gindi ya riƙa yawo. Da safe ake awo, taya na sanyi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kwalta na ƙuna, iskar taya tana hawa da kanta, kusan psi ɗaya a duk ƙarin digiri 5 ko 6. Kada a sace wa taya iska tana da zafi don an ga ta hau, in ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida.

Sai siffar tayar. Hanyoyinmu miƙaƙƙu ne, daga Katsina zuwa Daura ko daga Daura zuwa Kwangwalam ba kwana da yawa, don haka tayar baya tsakiyarta ke cinyewa, ta shafe ta bar kafaɗa biyu masu kaifi. Babur mai irin wannan taya da ya ɗan karkata sai ya hau kafaɗa ya faɗo, ya koma ɗaya gefen ya sake hawa. Wannan na daga cikin manyan masu haddasa tangaɗi, kuma mai shi zai rantse maka cewa tayar na da sauran zane. Ta gaba kuma shafa ta za ka yi da tafin hannu, in ka ji tudu da kwari tana hawa tana sauka, ta gama aiki. Littattafan Honda sukan ce a canja ta gaba in zurfin zane ya koma milimita 1.5, ta baya in ya koma 2. Shekaru ma abin dubawa ne. A gefen yawancin tayoyi akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lamba uku ce, kafin shekarar 2000 aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara 4 take bai wa taya daga ranar ƙira. Babur da ya yi shekaru a jingine a zaure, tayarsa na iya zama da zane kamar jiya aka saye ta, amma robar ta bushe ta ƙandare, ba ta kama titi ba ta shanye komai.

Akwai kuma son faɗi. A ɗauko taya mai faɗi a matse ta a siririn rim don babur ya yi kwarjini, siffarta ta tsuke ta yi tsini, ko a sa tayar baya mai manyan ƙuraje a gaba inda aka tsara wa mai dogayen layuka. Duk wannan canja lissafin masu ƙira ne. Bayan an ɗaura taya kuma, a juya wili a dubi siririn layin nan da ke zagaye da gefenta kusa da bakin rim. Tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina. In ya nutse a wani wuri ya fito a wani, taya ba ta zauna ba, a sace iska, a shafa ruwan sabulu, a sake hurawa.

Daga nan sai wilin kansa. A ɗaga babur tayar ta bar ƙasa, a ɗauki sifana ƙarama a bi sifok ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya zai ce tin, sakakke ya ce ɗuf. Sifok uku ko huɗu sakakku a jere a wilin baya sun isa su sa rim ya riƙa gocewa a ƙarƙashin nauyi, kuma tsaye ba za a gani ba. A ɗaure guntun waya a jikin shoka bakinta na kusan taɓa rim, a juya a hankali: in gocewar ta wuce milimita 2, ko gefe da gefe ko sama da ƙasa, sai an kai wa mai gyaran wili. A kama taya sama da ƙasa a girgiza, in an ji ƙwas-ƙwas boris ya tafi. Daidaita nauyi ma ba ya buƙatar na'ura. A sassauta birki wili ya yi juyi sakayau, a bar shi ya tsaya da kansa, a sa alli a ƙasa. In kullum wuri ɗaya ke komawa ƙasa, nan ne mai nauyi, sai a naɗa wayar darma a sifok ɗin da ke fuskantarsa ta sama har wili ya riƙa tsayawa ko'ina.

Yanzu a zo kan wuya, inda kowa ke gaggawar zuwa. Tsofaffin babura ƙwayoyin boris ne a sake tsakanin mazaunai biyu, sama da ƙasa. Tun da babur a miƙe yake yawancin tafiyarsa, kowane rami da ya faɗa a wuri ɗaya ƙwayoyin ke dukan mazauninsu, har su haƙa ƙananan gurabe. Ga yadda ake ganewa. A sa wani ya danne baya tayar gaba ta tashi, a kama bakin hannu da yatsa biyu kawai, a juya a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In ya zo tsakiya ka ji ya ɗan faɗa ya maƙale, sai ka ƙara ƙarfi kafin ya fita, mazaunin ya lotsa. Sannan a tsuguna a gaba a kama ƙafafun shoka biyu a ja a tura. In akwai ƙas-ƙas, wuya ya saki. Sakakken wuya yana kawo karkarwa, gaskiya ne, kuma ɗaure shi daidai magani ne. Amma daidai ɗin shi ne babu girgiza, kuma in ka ɗan taɓa hannu daga tsakiya ya sulale gefe da nauyin kansa. Wanda ya ja noti ya wuce haka ya hana tayar gaba yin ƙananan gyare-gyaren nan da take yi da kanta, babur ya koma yawo ko a ƙaramin gudu, ƙwayoyin kuma su ƙara nutsewa. In mazauni ya riga ya lotsa, ɗaurewa ƙara tsananta maƙalewar take yi. A fitar da shi, a sa sabo da sababbin ƙwayoyi cikakku da giris. In ana samun boris mai 'yan sanduna a karkace na irin babur ɗin, ya fi daɗewa.

Shokan gaba ba su da dogon bayani. Mai ya zama iri ɗaya kuma awo ɗaya a ƙafafu biyun, domin in ɗaya ta tsiyaye ɗaya na cike, duk rami sai wili ya karkace. Bututun da ake zargi a fitar da shi a mirgina a kan gilashi, lanƙwasa za ta nuna kanta. In an taɓa faɗuwa kai ya murɗe, a sassauta notocin da ke riƙe da ƙafafun, a danna gaba sau da yawa su koma mazauninsu, sannan a ɗaure daga sama zuwa ƙasa.

Baya ne nake so a daɗe a kansa, don nan ne ido ba ya zuwa. Tayar baya tana riƙe ne a ƙarfen nan mai rassa biyu, wanda ke lilo sama da ƙasa a kan doguwar kusa da ta ratsa firam a bayan inji. Tsakanin ƙarfen da kusar akwai bushi biyu, a wasu babura na roba da ƙarfe, a wasu na leda mai tauri ko tagulla. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna shiga, giris ba ya shiga, shekara da shekaru. A ɗaga baya, mutum ɗaya ya riƙe firam, ɗaya ya kama ƙarshen tayar ya tura dama ya ja hagu yana kallon wurin kusar. Bai kamata a ga motsi ko kaɗan ba. Motsin da ake rainawa a nan yana ninkuwa biyu ko uku kafin ya kai inda taya ke taɓa titi, saboda bushin biyu kusa suke da juna, rassan kuwa dogaye ne. Ma'anarsa tayar baya ta sami 'yancin juya kanta, babur ya zama mai tuƙi biyu, ɗaya a hannunka ɗaya ba a hannun kowa ba. Ga sarƙa kuma da ke gefe ɗaya, in ka murza totur ta ja tayar ta karkata, in ka saki ta koma. Babur da ke lanƙwasa daidai lokacin da aka ba shi wuta ko aka ɗauke, a fara da nan.

Shokazoban baya kuma mutane sifirin suke kallo, in babur bai zauna ƙasa ba sai a ce da sauransu. Aikin sifirin ɗaukar nauyi ne, mai hana lilo shi ne man da ke ciki. A danna bayan babur da ƙarfi a saki. Ya taso sau ɗaya ya tsaya. In ya yi sama ya yi ƙasa ya sake sama, mai ya tafi, kuma babu abin da zai kashe tangaɗi in ya fara. Biyu ake canjawa tare, tsawonsu ɗaya da na asali, matakin taurinsu ɗaya hagu da dama. Wanda ya sa masu tsawo don gindi ya ɗaga ya miƙar da wuya, ya rage 'yar tazarar nan ta gaba, ya sayi karkarwa da kuɗinsa.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya cin ko sisi, amma da wuya ka ga ana yin sa, wato duba ko tayoyin biyu layi ɗaya suke. Zanen da ke jikin majan sarƙa ba abin dogara ba ne a babur da ya tsufa. A tsayar da babur a miƙe a daɓe mai kyau. A sami zare mai ƙarfi a zagayo da shi ta bayan tayar baya, sama da ƙasa da kamar taƙi ɗaya, a kawo bakin biyu gaba, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, har su wuce tayar gaba. A matso da kowane zare a hankali har ya taɓa gefen gaba na tayar baya, taɓawa kawai ba lanƙwasa ba, a ɗaure a jikin bulo. Tun da tayar gaba ta fi siranta, za a ga 'yar rata tsakaninta da zare ta kowane gefe. A miƙe kai, a auna ratar a wuri huɗu. In dama ta fi hagu, tayar baya na kallon gefe, sai a gyara da majan sarƙa, kaɗan-kaɗan, ana sake awo. In an yi an yi abin ya ƙi, ko tayoyi sun daidaita amma sarƙa ta karkace, ko ka koma baya ka tsuguna ka ga taya ɗaya a tsaye ɗaya a kishingiɗe, to ƙarfe ne ya lanƙwashe.

Firam ana duba shi da fitila bayan an cire tanki. Wajen wuya da wajen kusar baya, duk inda fenti ya tsage da siririn layin tsatsa, ƙarfe ne ya tsage a ƙarƙashi. Notocin da ke riƙe da inji ma ba na riƙe inji kaɗai ba ne. A CG125 firam bai zagayo ta ƙarƙashi ba, injin kansa ne ke cike gurbin, don haka noti ɗaya sakakke ya mai da firam mai gaɓa a tsakiya. Norton Commando na 1967 ya fi kowa nuna wannan: inji da mariƙin tayar baya duk a kan roba aka ɗora su don a kashe jijjiga, ratar gefe da aka yarda da ita kusan rubu'in milimita ce, da ta wuce haka babur ya fara yawo.

Wani lokaci kuma babur lafiyarsa ƙalau, abin da aka ɗora masa ne. An kai kariya wurin mai walda an ƙara mata tsawo, an ɗaure buhun gero ko jarkoki can bayan tsakiyar tayar baya za a kai kasuwar Mai'adua. Gaba ya yi sakayau, nauyi na lilo a ƙarshen doguwar kariya mai lanƙwasa, karkarwa da tangaɗi duk sun sami ƙofa. Kaya ya matso kusa da mahayi, ya yi ƙasa, a ɗaure shi tamau. Gilashin tare iska da aka ɗaura a jikin hannu shi ma duk iskar da ta buge shi tuƙi take yi. Har babbar riga tana da nata: in ta cika da iskar hunturu tana fizgar kafaɗa, kafaɗa na fizgar hannu. A naɗe ta a zauna a kai, wanda kuma ya raba ta da sarƙa.

Tsofaffin baburan Ingila da wasu na Japan suna da wata murfiya a saman wuya da ake murɗawa don kai ya yi nauyi, na zamani kuma suna da 'yar shokazoba ta tuƙi. Tana rage karkarwa, amma binciken da ya biyo bayan na Sharp ya nuna tana iya ƙara tangaɗi a babban gudu. Sa ta a babur mai cinyayyen bushi rufe ƙarar ciwo ne kawai, ba na ba da shawararta sai an gama da duk abin da aka ambata.

In rawa ta kama ka a kan hanya, hannun ɗan Adam ba zai iya bin abin da ke kaɗawa sau 8 a daƙiƙa ba, ƙanƙame kai kuwa yana kai kaɗawar cikin jiki da sauran babur. A matse tanki da gwiwoyi, a sassauta damtse ba tare da an saki hannu ba, a rage totur a hankali, kada a cafki birkin gaba. A tangaɗi, sunkuyawa gaba a kan tanki na taimakawa sosai, musamman ga marar nauyi, don siririn mahayi shi kaɗai ya fi ƙato fuskantarta. Maganar a ƙara wuta a fita daga ciki, kada a ɗauka.

Gyara kuma abu ɗaya-ɗaya ake yi ana gwadawa, in ba haka ba ko ta daina ba za a san me ya kashe ta ba. Gwaji da safe, da hular kwano da takalmi rufaffe, ba goyo ba kaya, a miƙaƙƙen wurin da ba dabbobi, ana ƙara gudu da goma-goma, da an ji alamar farko a sauko. Sabuwar taya tana da santsi, sai ta yi wajen kilomita 150 kafin a matsa mata. Firam da ya tabbata ya karkace ko ya tsage a wuya, zafa shi da wuta a miƙe da guduma raunana ƙarfen yake yi, gara a nemi wani a wurin masu kayan kwance. Bayan mako ɗaya ko biyu ana hawa kuma a koma gareji, don sabon boris na wuya da sababbin sifok sukan zauna su saki, a sake ɗaure su, a sake jan zare.